Ƙullutu a Mama: Kada Rashin Zafi Ya Ruɗe Mu

 

Yau za mu taɓo batun da galibi a ƙuryar ɗaki ake yin sa, shi ma da raɗa, wato ƙullutu ko ƙurji ko kumburin da kan fito a mama, walau a kan fata ko can cikin tsoka. Batu ne mai nauyi a baki, domin mu mutane ne masu kunya, kunya kuwa ado ce. Sai dai akwai inda kunya ke cin rai, nan kuma yana ciki. Don haka ina neman afuwar iyaye, zan kira kowane abu da sunansa.

Mace tana wanka ko tana shafa mai, sai hannunta ya ci karo da wani ɗan abu mai tauri da ba ta san da shi ba. Daga nan mata kan rabu gida biyu. Wata gabanta ya faɗi, ta yanke wa kanta hukunci cewa daji ne, ta ƙi gaya wa kowa don tsoron abin da za a ce mata a asibiti. Wata kuma ta danna ta ji ba zafi, ta ce ai ba komai, da ciwo ne da ya yi zafi. Su biyun nan wuri guda suke ƙarewa: zaman gida, watanni suna shuɗewa.

Abin da nake so mu riƙe a yau guda ɗaya ne. Mafi yawan ƙullutun da ke fitowa a mama ba daji ba ne, amma hannu ba ya iya rarrabe mai illa da marar illa. Ko likitan da ya shekara da shekaru yana aikin, sai ya haɗa da hoto da gwaji kafin ya ba da tabbaci. Ke nan babu dalilin firgita, babu kuma dalilin zama.

Mu fara da waɗanda ke tsayawa a kan fata. Na farko shi ne maruru, wanda kowa ya sani. Ƙwayoyin cuta ne ke shiga ta gindin gashi ko ta ɗan rauni, wurin ya kumbura, ya yi zafi, ya tara mugunya, ya nuna ya fashe. A lokacin bazara, inda gumi ke taruwa a ƙarƙashin mama ga rigar mama mai matsewa, yakan yawaita. Maruru guda kan warke cikin mako ɗaya ko biyu idan ana gasa shi da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, ba a matsa shi ba. Amma wadda maruru ke yi wa zarya, wannan ya tafi wancan ya zo, ta je a auna mata sukari, domin ciwon sukari kan ɓuya a bayan irin haka. Akwai kuma wata cutar fata da ke kawo ƙuraje masu zurfi a hammata da ƙarƙashin mama da matsematsi, suna fashewa suna barin tabo suna dawowa. Wannan aikin likitan fata ne, man shafawar kemis ba ya kashe ta.

Wani lokaci kuma ɗan ƙullutu ne zagayayye a ƙarƙashin fata, yana da baƙin ɗigo a tsakiya, cikinsa cike da wani farin abu mai kauri mai ɗan wari. Wata 'yar jaka ce da fata kan yi, ba ta da haɗari sai idan ta kamu da ƙwayoyin cuta. Akwai dunƙulen kitse, mai laushi, marar zafi, da ke girma a hankali cikin shekaru. Akwai wanda ke biyo bayan bugu ko faɗuwa ko tiyata, inda kitsen wurin ya mutu ya dunƙule ya yi tauri, har a hoto ma yakan yi kama da daji sai an gwada. Su kuwa 'yan ƙananan tsirarrakin nan da ke kewaye da kan nono, waɗanda ke ƙara fitowa idan mace ta samu juna biyu, halitta ce. Mai suke fitarwa da ke kare fatar wurin lokacin shayarwa, a bar su kada a matsa.

Sai waɗanda ke cikin tsokar mama. A wajen 'yan mata da matan da ba su wuce shekara 35 ba, wanda aka fi gani shi ne abin da likitoci ke kira faiburo'adinoma. Yana da santsi, gefensa a fili yake, ba ya zafi, idan an taɓa shi sai ya zille ƙarƙashin yatsa. Ba daji ba ne. Wani a bar shi ana lura da shi, wani a cire shi da ƙaramar tiyata idan yana girma. Daga shekara 35 zuwa 50 kuma an fi samun jakar ruwa, wadda kan kumbura ta yi tsami gab da zuwan al'ada. Likita na iya zuƙe ruwan da allura nan take ta saɓe. Mata da yawa ma duk wata mamansu kan yi nauyi, ya yi gudaji-gudaji a ɓangarorin biyu kafin jini ya zo, ya lafa bayan jinin ya ɗauke. Wannan aikin sinadaran jiki ne masu juya al'ada.

Masu jego da masu shayarwa, ku ba ni kunnuwanku. Nono kan toshe a wata hanya tasa, wurin ya dunƙule ya yi zafi. Idan kan nono ya tsage, ƙwayoyin cuta na iya shiga, mama ya kumbura ya ɗau zafi, uwa ta kama zazzaɓi da rawar sanyi. A nan ne ake yin kuskuren cewa nonon ya ɓaci, a hana jariri sha. Hana shan ne ke ƙara cunkoso, har abin ya kai ga tara mugunya. A ci gaba da ba jariri, nonon ba zai cutar da shi ba. Idan an kwana an wuni ba sauƙi, ko zazzaɓi ya yi zafi, a tafi asibiti a ranar. Idan mugunya ta riga ta taru, akwai yadda ake zuƙe ta da allura ko a buɗe wurin cikin tsabta. Sakiya da tsagar wanzami a kan mama suna buɗe wa cuta ƙofa ne, su bar rauni mai wuyar warkewa.

Ga kuma gargaɗi ga masu ciki da masu shayarwa. Ba kowane ƙullutu ne nono ba. Toshewar nono kan saki cikin 'yan kwanaki. Wanda ya kai mako biyu yana nan daram, a je a duba shi, domin sankara ba ta jin kunyar ciki ko goyo. Hoton sikanin da ake yi wa mama ba ya cutar da ɗan tayi.

Kakanni da ungozomomi, ga taku. Jariri sabon haihuwa, namiji ko mace, mamansa kan kumbura har ya fitar da ɗan farin ruwa. Sinadaran jikin uwa ne da suka rage a jikinsa, kuma da kansa yake bajewa cikin makonni. Matse shi da ake yi wajen wanka don wai kada ya yi girma, shi ke jawo masa ƙurji. A bar shi. Idan wurin ya yi ja, ko jariri ya yi zazzaɓi, ko ya ƙi kama nono, asibiti za a nufa ba tare da jira ba. Haka yarinyar da ta fara ƙirgar dangi, tsakanin shekara 8 zuwa 13, sau da yawa gefe ɗaya ke riga fitowa da ɗan tauri da tsami. Girma ne ya zo, kada a bari kowa ya sa mata aska.

 Mun zo kan wanda kowa ke tsoro, wato sankarar mama ko ciwon daji.

Babbar yaudarar wannan cuta ita ce, a farkonta yawanci ba ta zafi. Mu kuwa mun saba auna ciwo da raɗaɗinsa. Maruru mai hana barci shi ke kai mu wajen magani da gudu, alhali shi ne mai sauƙin. Ƙullutun da ya yi shiru, mai tauri, marar santsin gefe, wanda ya kafe wuri guda ba ya motsi, shi muke ƙyalewa, shi ne kuma ya fi cancantar a yi masa gaggawa.

Fata ma tana ba da labari. Wani wuri kan lotsa ciki, musamman idan an ɗaga hannu sama. Fatar kan yi kauri da ƙananan ramuka kamar ɓawon lemu. Kan nonon da a da yake a tsaye kan koma ciki. Jini ko wani ruwa kan fito daga kan nono ɗaya ba tare da an matsa ba. Akwai irin da ke farawa da ƙaiƙayi da saɓar fata a kan nono, a yi ta shafa man ƙyasbi wata da watanni ba ya warkewa. Akwai kuma wani iri mai saurin yaɗuwa da ba ya ma yin ƙullutu: mama gaba ɗaya ya kumbura, ya yi nauyi, ya ɗau ɗumi, a ɗauka ciwon nono ne na masu shayarwa. A littattafan likitanci ana cewa wurin yakan yi ja, to a jikin mai duhun fata jan ba lallai ya fito ba, sai dai wurin ya ƙara duhu ko ya yi sheƙi. Kada kuma a manta da hammata. Kaluluwar da ta fito can ta ƙi tafiya, ita ma abin dubawa ce.

To yaushe za a ga likita? A ranar, idan akwai zazzaɓi tare da kumburi mai zafi, ko mugunya na fita, ko mai ciwon tana da ciwon sukari, ko jariri ne. Cikin 'yan kwanaki, idan sabon ƙullutu ne a mama ko hammata, ko ɗaya daga cikin alamun fata da na kan nono da na lissafa, ko gyambon da ya ƙi warkewa, ko mama ɗaya ya sauya girma ko siffa. Idan an sha maganin kashe ƙwayoyin cuta mako guda zuwa biyu kumburi bai sauka ba, a koma a nemi hoto da gwaji, kada a sake sayen wani maganin a kemis. Matashiyar da ta ji gudaji gab da al'ada na iya jira jinin ya ɗauke ta sake dubawa. Idan yana nan, jira ya ƙare. Uwar da al'adarta ta riga ta tsaya kuwa ba ta da abin jira ko kaɗan. Maza ma haka. Kumburin mama a wajen samari masu tasowa yawanci wucewa yake yi, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 1 cikin 100 na masu sankarar mama maza ne. Dattijon da ya ji tauri a bayan kan nono gefe ɗaya, ya je a duba shi.

Mata da yawa abin da ke hana su zuwa shi ne zaton cewa da an shiga asibiti sai yanke mama. Ga yadda abin yake. Da farko likita zai yi tambayoyi ya duba. Sannan a ɗauki hoto: sikanin ga matasa, ga waɗanda suka kai shekara 40 kuma akan yi hoton mama na musamman da ake kira mamogiram. Idan da buƙata, a kashe zafin wurin a sa allura a ciro ɗan ƙanƙanin nama, a kai ɗakin gwaji a duba shi da madubin likita. Wannan gwajin ne ke faɗin gaskiya, kuma mata da yawa daga nan suke komawa gida da albishir. Ana yin waɗannan ayyuka a manyan asibitocinmu, irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Jami'ar Maiduguri, da na Tarayya da ke Gombe. A Jamhuriyar Nijar akwai Cibiyar Yaƙi da Ciwon Daji ta Ƙasa a Yamai. Mace ta fara daga asibiti mafi kusa, ta nemi takardar turawa. Wani abu kuma mai muhimmanci: duk inda aka cire miki ƙullutu, ki tabbata an kai naman gwaji, ki kuma koma ki karɓi sakamakon. Cirewa a jefar ba tare da gwaji ba ta sa mata da dama sun yi zaton sun rabu da ciwo, sai ya dawo da ƙarfinsa.

Akwai maganar da ta zauna a bakin jama'a, wai daji ba ya son ƙarfe, ba ya son allura, da an taɓa shi sai ya fusata. Mu duba inda ta samo asali. Mace ta yi shekara tana shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, sai mama ya fashe, ciwo ya kai huhu ko ƙashi, sannan a ɗauko ta a kawo asibiti. Likitoci su yi iya ƙoƙarinsu, rai ya yi halinsa, sai a ce wuƙa ce ta kashe ta. Jinkirin da aka yi a gida kuwa ba mai ambatonsa. Allurar gwaji ba ita ke yaɗa sankara ba. Haka ajiye kuɗi a rigar mama ba ya kawo ta, ba a kuma ɗaukarta ta hanyar zama ko cin abinci tare da mai ita. Abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗarin sun haɗa da yawan shekaru, da gado idan uwa ko 'yar'uwa ta taɓa yi, da ƙiba, da shan giya. Shayarwa tana rage haɗarin, amma ba ta kawar da shi. Kusan rabin matan da ke kamuwa ba su da wani dalili da za a nuna, in ban da kasancewarsu mata da kuma shekaru.

Alƙaluma na nuna abin da jinkiri ke jawowa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 an gano sankarar mama a jikin mata miliyan 2 da dubu 300 a duniya, dubu 670 kuma suka rasu. A Nijeriya ita ce kan gaba cikin cututtukan dajin da ke kama mata, inda aka ƙiyasta sabbin kamuwa sama da dubu 30 a wannan shekarar. A ƙasashe masu ƙarfin arziki, sama da mata 90 cikin 100 na nan da ransu shekara biyar bayan gano cutar. A wajenmu kuwa mafi yawan mata sai cutar ta kai mataki na 3 ko na 4 suke isa asibiti, da yawansu kuma iyaye ne masu shekara 40 da 'yan kai, da 'ya'ya ƙanana a gabansu. Shi ya sa shirin da hukumar ta ƙaddamar a 2021 ya sa burin a riƙa gano aƙalla kashi 60 cikin 100 tun a mataki na 1 ko na 2, a kuma kammala bincike cikin kwana 60 daga ranar da mace ta fara zuwa asibiti. Ana warkewa idan an zo da wuri. Uwargida Betty Anyanwu-Akeredolu ta kamu da wannan cuta a 1997, aka yi mata magani a Ibadan ta warke, ta kafa ƙungiyar wayar da kan mata a kai, daga baya har ta zama matar gwamnan Jihar Ondo.

Yanzu gare ku, magidanta. A gidajenmu da yawa izinin fita da kuɗin mota da na kati a hannunku suke. Idan maiɗakinka ta ce maka ta ji wani abu a mamanta, ka sani ta daɗe tana juya maganar a ranta kafin ta iya furtawa. Kada ka ce mata a bari sai bayan girbi ko sai albashi ya shigo. Kai ta da kanka. Wata tsoron kishiya ko saki ne ke sa ta ɓoye, kai ne kaɗai za ka iya cire mata wannan tsoron. Idan damuwar likita namiji ce, a nemi mace, akwai su. In ba a samu ba, malamanmu sun yi bayani cewa larura tana halatta dubawar, kuma neman magani ba ya karo da tawakkali. A yi addu'a, a kuma tafi asibiti.

Gaskiya ne magani da tsada, kuma talaka na jin jiki. Amma kuɗin sikanin da gwaji bai kama ƙafar abin da ake kashewa idan ciwo ya yi nisa ba. Gwamnatin Tarayya ta kafa asusun tallafa wa masu ciwon daji marasa ƙarfi, wanda ke aiki a wasu asibitocin koyarwa, sai a tambayi ofishin walwalar marasa lafiya. Su kuma hukumomi, haƙƙi ne a kansu su horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci kan duba mama, su ƙara ma'aikata mata, su kawo na'urar sikanin kusa da karkara, su kuma rage jiran sakamakon gwaji. Bai kamata matar da ta yi ƙarfin hali ta fito da wuri ta ɓata watanni tana yawo tsakanin asibitoci ba.

'Yar'uwa, ki san jikinki. Sau ɗaya a wata, 'yan kwanaki bayan ɗaukewar al'ada, ki tsaya gaban madubi hannuwa a ƙasa, sannan ki ɗaga su sama, ki lura da siffa da fata da kan nono. Ki kwanta, ki sa cikin yatsunki uku na tsakiya ki bi mama gaba ɗaya a hankali, daga ƙashin wuya zuwa ƙarƙashinsa har cikin hammata. Wadda al'adarta ta tsaya ta zaɓi rana guda a kowane wata. Idan kin kai shekara 40, ki tambayi likita game da hoton mamogiram ko da ba ki ji komai ba. Abin da kika ji yau kuma ki isar wa 'yarki da maƙwabciyarki da matan islamiyyarku. Wadda kuma take saurarona alhali akwai abin da ta daɗe tana ɓoyewa, ina roƙonta don Allah ta gaya wa wani na kusa da ita yau, gobe da safe su kama hanyar asibiti.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kare iyayenmu mata da 'ya'yanmu.